Faffaɗar Taya Na Shan Mai Ba Ka Sani Ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle Square ya ce tallafin mai ya tafi, masu mota a Abuja suka koyi lissafin dole. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta tsallake 1,000. Wani ya daina kunna esi, wani ya jingine babbar mota ya koma ƙarama. Sai dai akwai wata kafa da mai ke zurarewa wadda ba a cika waiwayarta ba, wato ƙafafun motar kansu.

Duk wanda ya leƙa wajen makanikai na Apo ya san yadda cinikin rim yake. Matashi ya sayi Corolla 'yar Kwatano, tun bai gama sabunta takardu ba ya cire rim ɗin da ta zo da shi, ya ɗaura mai ƙyalli da faffaɗar taya, wai don mota ta zauna da kyau. Ta kuwa zauna, ba musu. Abin da mai sayarwa ba zai faɗa masa ba shi ne daga ranar ya ɗaura wa kansa haraji, kuma a gidan mai zai riƙa biya.

A gefen kowace taya akwai lambobi, misali 195/65 R15. Ta farko faɗin tayar ne da milimita, ta biyu tsawon gefenta ne a matsayin kaso na faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim da inci. Wanda ya bar wannan ya koma 225/45 R17 bai canza tsayin ƙafar ba, amma ya ƙara faɗin milimita 30 a kowace taya, gefen robar kuma ya ragu daga kusan milimita 127 zuwa 101.

Taya ba ta gangara kyauta. Duk inda ta taka kwalta sai ta ɗan lanƙwashe sannan ta miƙe, wannan murɗawar kuwa zafi take haifarwa, zafin da man tankinka ne ya biya kuɗinsa. Tayoyi masu faɗi galibi ana yin su ne da roba mai damƙar titi, irin wadda ke ƙara wa inji jan aiki. Wani nazari da Majalisar Bincike ta Ƙasa a Amurka ta fitar a 2006 ya nuna cewa idan aka rage wannan turjiya ta gangarar taya da kashi 10, ana samun rarar mai ta kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Idan aka ƙara ta, lissafin juyewa yake yi.

Sai nauyi, wanda a ganina shi ya fi cin mutumin Abuja. Babban rim yawanci ya fi ƙarami nauyi, kuma nauyi ne da inji zai juya shi kafin ya tura shi gaba. Kamar mai gudu ne da aka sa wa takalmin soja. Wanda ke fitowa daga Mararaba ko Nyanya da sassafe, yana tashi yana taka birki har AYA, duk tashi ɗaya sai ya biya wannan nauyi. Na Kubwa ko Lugbe da ke samun titi a buɗe shi ma bai tsira ba, domin faffaɗar taya ta fi tare iska, kuma turjiyar iska tana hauhawa ne da ƙaruwar gudu.

Mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada abin a 2010 da mota ƙirar Volkswagen Golf, ta riƙa sauya mata rim daga inci 15 har zuwa 19. A kan mafi girman, tafiyar da motar ke yi da adadin mai ɗaya ta ragu da kusan kashi 10, ga shi ta yi nauyin tashi. Mai shan lita 40 a mako ya yi wa kansa lissafi.

Kada dai a ɗora wa girman rim laifin duka. Kamfanin BMW ya sa wa motarsa mai lantarki, i3, rim mai inci 19, amma da siririyar taya mai faɗin milimita 155, don dai a tsimi wuta. Faɗi da nauyi da irin roba, su ne masu ci.

Faffaɗar taya tana da amfaninta: ta fi riƙe busasshen titi a kwana da lokacin birki. To amma da damina ta fi saurin yin iyo a kan ruwan da ya kwanta a kwalta, siririn gefenta kuma ba ya jure rami. Manyan titunan Maitama da Asokoro sumul suke, amma shiga cikin Karu ko Dutse, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim ya kumbura taya. Wanda kuma ya sa ƙafa mafi tsayi, agogon motar zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunsa.

Idan ka buɗe ƙofar direba, a yawancin motoci za ka ga takarda a jikin ginshiƙi mai ɗauke da girman taya da yawan iskar da kamfani ya tsara. Bi wannan. Ka sa mai faci ya auna maka iska da safe kafin taya ta yi zafi, domin taya mai ƙarancin iska ita ma mai take sha. Idan kuwa rai ya nace sai rim mai ƙyalli, nemi marar nauyi, ka bar faɗin tayar yadda kamfani ya sa shi.