Yadda Waya Da Taswirar LiDAR Ke Taimakawa Wajen Gane Tsoffin Gine-Ginen Dutse A Bakin Idon Ruwa

A dazukan gabashin Amurka, musamman jihohin Pennsylvania da Virginia, masu yawo da mafarauta kan ci karo da ƙaramin ginin dutse da ya rushe a gefen idon ruwa. Wasu su ce kabari ne, wasu su ce rijiya. Sau da yawa ɗakin sanyaya abinci ne, wato firjin mutanen da. Ana iya gane hakan da wayar hannu da taswirar kyauta, amma sai an san abin da ake nema.

Me ya sa aka yi gini a kan ruwa?

Ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa ba ya bin zafin rana. A Pennsylvania yakan tsaya kusan digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyos, lokacin zafi da na sanyi. Manoma sai su gina ɗaki a kansa, su yi kwata a cikin daɓe, su jera tukwanen madara da man shanu a cikin ruwan da ke gudana. Bayan dokar kai lantarki karkara ta 1936, firji ya shiga gidaje, aka yi watsi da ɗakunan.

A fara da bin ruwan

Babbar shaida ita ce hanyar da ruwa ke bi. Idan ya shiga ta bango ɗaya, ya bi kwata marar zurfi, ya fita ta wani bangon, ɗakin sanyi ne. Yawanci rabinsa na cikin gangare, da ƙaramar taga ta shan iska da kantoci a bango. Idan ginin akwati ne mai murfi, an shafe cikinsa, ga bututu na fita ta ƙasa, matarar ruwa ce da ke kai ruwa gida. Idan kuwa cikinsa a bushe yake, ba kwata ba bututu, rumbun ajiye dankali ne. Wanda ke da baka a ƙasa da faɗin baki a sama, duwatsunsa sun ƙone, matoyar farar ƙasa ce, maƙwabtakarsa da ruwan dace ne kawai.

Taswira kafin tafiya

Hukumar USGS ta Amurka tana da shafin topoView, inda ake sauke tsoffin taswirori kyauta, wasu tun na shekarun 1880. Idan tsohuwar taswira ta nuna gida kusa da idon ruwan, an samu rabin amsa.

Sai LiDAR. Jirgin sama ne ke harba hasken leza ƙasa, yana auna lokacin da hasken ke ɗauka kafin ya dawo. Wani ɓangare na hasken yana ratsa tsakanin ganyaye, sai kwamfuta ta cire bishiyoyi ta bar siffar ƙasa zalla. A 2014, Katharine Johnson da William Ouimet na Jami'ar Connecticut sun nuna yadda wannan hanya ke fito da katangun dutse, harsashin gidaje da tsoffin hanyoyi da daji ya haɗiye a kudancin New England.

Amma taswirar tana da iyaka. Idan kowane ɗigo yana wakiltar mita ɗaya, ɗaki mai mita uku-uku ɗigo tara ne kacal. Saboda haka ba ɗakin ake nema ba, maƙwabtansa ake nema: harsashin gida, katangar gona da hanyar da ta gangara zuwa ruwan.

Aikin waya a wurin

Tun daga iPhone 12 Pro na 2020, wayoyin Pro na Apple suna da ƙaramin LiDAR mai kaiwa kimanin mita biyar. Manhajoji irin su Polycam da Scaniverse suna haɗa hoton 3D da za a iya auna kaurin bango da zurfin kwata a kansa. Mai Android ma zai iya: ya zagaya ginin yana ɗaukar hotuna masu yawa, kowanne ya ɗan hau kan na baya, manhaja ta ɗinke su. A ajiye ma'auni a cikin hoton, a kuma kunna GPS.

Don ƙiyasin shekaru, a ɗauki hoton abin da ya haɗa duwatsun daga kusa. Kwaɓin farar ƙasa yana da laushi, yana marmashewa. Siminti tauri gare shi da launin toka, kuma sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 ya yaɗu a Amurka. Ƙusa mai kusurwa huɗu ta girmi mai zagaye, wadda ta mamaye kasuwa a shekarun 1890. Sai dai siminti a tsohon bango yana iya zama gyara ne aka yi daga baya.

Gargaɗi

Kada a ɗaga dutse ko a tona. Da zarar an motsa abu daga mazauninsa, shaidar ta tafi ke nan, kuma dokar 1979 ta hana haƙar kayan tarihi a filayen gwamnatin tarayyar Amurka ba tare da izini ba. A kula da ruɓaɓɓen murfi da ganye ya rufe, kada kuma a sha ruwan ba gwaji. Hotuna da awon da aka tara sun isa a kai wa ofishin adana tarihi na jiha, domin kowace jiha tana da nata.