Gidan Da Ba Kowa A Ciki

Waɗansunmu sun gina gida a Jibiya da niyyar tarewa in kasuwa ta yi kyau. Sai aka rufe iyaka a 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022. Aka sāke rufewa a 2023 bayan juyin mulki a Nijar, har zuwa Maris 2024. Ciniki da Maraɗi ya ja baya, tarewa ta gagara.

Amma gida a kulle ba ya daina cin kuɗi. Gara tana cin azara da ƙyaure. In indararo ya toshe, ruwa yakan kwanta bisa soro, bango ya tsage. Mu tuna da ambaliyar Yuli 2018 wadda ta rushe gidaje da yawa a Jibiya. Ga ladan mai gadi kowane wata, ga kuɗin ƙasa a kan mai takardar mallaka.

Akwai kuma hakkin maƙwabci. In ciyawa ta tashi, macizai sun sami mazauni, ɓarayi kuma maɓoya. Saboda haka bari mu yi yaɓe kafin damina, mu share kwata, mu sa amintaccen mutum ya zauna ciki. Gida amana ne, mu riƙe shi da aminci.