GARAMBAWUL: A AUNA RATAR KARANSHAF KAFIN A RUFE INJI

Manomi, idan ka kai taraktarka ko injin niƙanka garambawul, kuɗin kaya za ka biya, da na aiki. To, akwai wani ɗan ƙarfe a cikin injin wanda bai kai tafin hannunka ba, kuɗinsa ma kaɗan ne, amma in aka sa shi ba daidai ba sai duk aikin ya lalace. Makanikai suna kiransa washar karanshaf.

Karanshaf shi ne babban ƙarfen nan mai gwiwa-gwiwa da ke kwance a ƙasan inji, wanda fistan ke juyawa. Bayan juyi, yana kuma so ya zame gaba ko baya. A tarakta, duk lokacin da direba ya taka kuloci, tura shi yake yi gaba, wajen lagireto. Washar ita ce ke tare shi. Siffarta kamar rabin wata, bayanta ƙarfe ne, fuskarta kuwa an shafe ta da ƙarfe mai taushi, an yi mata 'yan kwaruruka inda baƙin mai ke bi. A wasu injinan ba a ware take ba, a jikin metal take, kamar kunnuwa biyu.

Dole a bar 'yar rata tsakaninta da karanshaf, don mai ya samu wurin shiga, kuma ƙarfe in ya yi zafi yakan buɗe. A injinan Perkins na taraktocin Massey Ferguson, irin su 135 da 165, ratar tana tsakanin milimita 0.05 da 0.38. Takardar littafin ɗan makaranta kaurinta wajen milimita 0.1 ne. Ka ga ke nan ba abin da za a kintata da ido ba ne. Kowane inji da nasa awo, yana cikin littafinsa. Ƙananan injinan ban-ruwa masu shan fetur yawancinsu boris gare su, wannan bayani bai shafe su ba.

YADDA AKE SA TA

Ka je garejin ranar da za a ɗaura karanshaf, ka tsaya a kai. Abu na farko da za ka duba shi ne fuskar washar. Gefen da ke da kwaruruka shi ke kallon karanshaf, bayanta kuma ya jingina da bulok. In aka juya ta, ƙarfe zai ci ƙarfe ba mai, ba za ta daɗe ba. Wannan kuskure yakan faru in an bar wa yaron gareji aikin, ko an yi shi da magariba ana sauri. Wadda ke da ɗan harshe, a tabbata harshen ya shiga gurbinsa a jikin murfin.

Murafen metal suna da lamba. Kowanne ya koma inda aka cire shi, yana fuskantar inda yake fuskanta da.

Ga inda akasari ake gaggawa. Kada a ɗaure murfin da ke riƙe da washar tamau nan take. A ɗan kama notinansa tukuna, a sa guntun katako a bakin karanshaf a buga shi baya, a sake bugo shi gaba. Wannan shi ke sa rabin sama da rabin ƙasa su daidaita, su ɗauki nauyi tare. Sannan a tokare shi gaba da babbar sukudireba, a ɗaure da sifanar awo gwargwadon yadda littafi ya ce. In ba a yi haka ba, rabi ɗaya ne zai riƙa shan wahala, ya cinye da wuri.

Yanzu sai awo, tun ba a sa fistan ba. A tura karanshaf ƙarshen gefe ɗaya, a zura fila-geji, wato 'yan siraran ƙarafan nan masu lamba, tsakanin washa da karanshaf. Wanda ya shiga da ɗan kamu, lambarsa ita ce ratar. Ka sa a faɗa maka lambar, ka rubuta. Ka kuma juya karanshaf da hannunka. Ya kamata ya juya sumul, ba tare da ya cije a wani wuri ba.

IN TA MATSE

Kada ka yarda a ce maka "zai sake in ya yi aiki". Ba zai sake ba, zafi zai yi ya kama, wataƙila a tsakiyar huɗa, lokacin da kowa ke neman tarakta. A kwance a duba. Sau da yawa datti ne ko ɗan tsinin ƙarfe ya maƙale a bayan washar, ko murfin ne aka juya, ko kuwa mai kanti ya ba da washa mai ƙarin kauri alhali ta asali ake bukata. In haka ne a mayar masa a canjo. Magagari kuwa kada ya taɓa ta sam, don hannu ba ya cin ƙarfe daidai wa daida, kuma fuskar mai taushi siririya ce ƙwarai.

IN TA YI YAWA

A sa washa mai ƙarin kauri, a sake aunawa. Amma kafin nan ka bi kafaɗar karanshaf da farcenka, inda washar ke gogawa. In ka ji zane ko kwari, sabuwar washa ba za ta yi magani ba, cinye ta zai yi kamar yadda ya cinye tsohuwar. A kai shi wurin masu wankin karanshaf su gyara wurin. Kada a cusa gwangwani ko takarda a bayan washa don cike rata. In ratar ta yi yawa washar tana iya faɗawa cikin kaskon mai, daga nan karanshaf ya fara cin bulok kansa, kuɗin bulok kuwa ya ninka na washa nesa ba kusa ba.

Bayan an gama, ka ja wa direbanka kunne ya daina ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya. A injin niƙa kuma, a sa zare a daidaita fulin inji da na niƙa su zama a layi ɗaya, don bel ɗin da ya karkace yana jan karanshaf gefe duk yini. In ka ga fulin gaban tarakta yana motsi gaba da baya sa'ad da aka taka kuloci, a tsai da aiki a kira bakanike ya auna.