Yadda yis ke mayar da mai sabulu

Wani nau'in yis mai suna Starmerella bombicola, wanda aka samo a cikin zuma, yana mayar da sukari da man girki sinadarin wanki.

A shekarar 2013, masana a Jami'ar Ghent da ke Beljiyam suka bayyana cewa ƙwayoyin gadon da ke wannan aiki suna jere ne wuri guda.

Ta farko, CYP52M1, ita ke gyara man, sannan UGTA1 da UGTB1 su liƙa masa sukari. Ɓangaren man sai ya kama maiƙo, na sukarin kuma ya kama ruwa, kamar dai yadda sabulu ke yi.

Sinadarin yana ruɓewa da sauƙi, saɓanin wasu da ake samu daga man fetur.

Ana iya ciyar da yis ɗin da man waken suya da sukarin masara, amfanin gonar da manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ke nomawa.