Kaka A Lambun Gida: Abin Da Ke Faruwa Da Shukarka, Da Abin Da Ya Kamata Ka Yi

Ga rubutaccen shirin na yau, saboda masu ƙarancin data da waɗanda suka fi son karatu.

In watan Oktoba ya kama, za ku ga hotuna na yawo a Instagram da TikTok daga Turai da Amurka, ganyaye sun koma ja da ruwan ɗorawa, sun zube sun rufe titi. To mu ma muna da tamu kakar, sai dai dalilin ya bambanta. Su sanyi ne ke tafe, mu kuma ruwa ne ya ɗauke. Yau zan yi magana ne a kan ɗan lambun nan na gida, wanda ke bayan ɗaki ko gefen rijiya, ko wanda aka yi a buhu da tsofaffin bokitai.

Mutane da yawa da zarar sun ga kuɓewa ta fara bushewa, ganyen kabewa ya yi fari, sai su ce shi ke nan, lambu ya ƙare sai baɗi. Ni kuwa a wurina waɗannan makonnin, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, su ne ke yanke hukuncin ko za ka tsinki kayan miya a gida da rani, ko kuwa kullum kana hanyar kasuwa da leda.

Bari mu fara da sama. Da damina, iskar da ke kawo mana ruwa daga tekun Atlantika take tasowa, ta kudu maso yamma. In kaka ta zo sai ta fara ja da baya, busasshiyar iskar Sahara ta biyo sawunta daga arewa maso gabas. Shi ya sa ruwa ke fara ɗaukewa a Maraɗi da Damagaram da Katsina kafin Zariya da Kaduna. Hazon da ke biyo baya kuwa, mafi yawansa daga wani kwari yake tasowa a ƙasar Chadi, ana kiransa Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙura mai laushi.

Kafin hazon ya iso akwai raɓa. Ƙasa na da sauran danshi, sama kuma ta washe babu hadari, don haka da dare zafin ƙasa kan fice, ganye ya yi sanyi, danshin da ke cikin iska ya kwanta a kansa. Wannan raɓar da sauran laimar ƙasa su ne ruwan ƙarshe da za ka samu kyauta, kuma ba sa daɗewa.

Abu na biyu da ba kowa ke lura da shi ba, shi ne yini na raguwa. A Kano, tsakanin yini mafi tsawo a watan Yuni da mafi gajarta a Disamba akwai kusan awa ɗaya da rabi. Mu a lokacin Magariba kawai muke ganewa, amma shuka na lissafi da shi. Yakuwa misali ce: duk daminar nan ganye take ta yi, ba ta fure sai dare ya fara tsawo. Shi ya sa ko ka shuka ta da wuri ko ka makara, kusan lokaci ɗaya za ta ba ka soɓorodo. Haka rama, haka waken gargajiya mai yaɗo. Don haka in ka ga yakuwarka ta rage ganye ta fara fure, ba ciwo ba ne, lokacinta ne ya yi.

Bishiyoyi ma kowa da tsarinsa. Kuka kan zubar da ganyenta kaf don ta adana ruwa, saboda haka mai son miyar kuka sai ya hanzarta tsinka tun ganyen na kore. Zogale kan rage ganye in ba a ba shi ruwa ba. Mangwaro kuma bushewar da sanyin dare ne ke tura shi ya yi fure wajajen Disamba da Janairu. Sai gawo, mai yi wa kowa akasi: da damina yana tsaye fayau ba ganye, sai ruwa ya ɗauke sannan ya toho.

Akwai kuma baƙi. Fara na barin ciyawar da ta bushe ta faɗo inda ke da kore, wato lambunka. Karin maganar nan, da sanyin safiya ake kama fara, gaskiya ce ta zahiri, domin jikinta ba ya iya ɗumama kansa, sai rana ta bugo ta take samun ƙarfin tashi. Ku fita bayan Asuba ku tsince, kaji su yi kalaci. Za ku kuma ga wani farin abu a ganyen kuɓewa da kabewa kamar an barbaɗa gari. Cuta ce irin ta fumfuna, tana son rana mai zafi da dare mai laima. Ganyen da ya kamu sosai a cire shi a fitar daga lambun. Sai manyan baƙi, awaki. Da damina suna turke, da an gama girbi ake sakinsu, kuma akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin wata guda kafin ka idar da Azahar. Ga kara ya samu yanzu, a gyara darni tun kafin a yi sabuwar shuka.

To yanzu me ya kamata a yi? Abu huɗu nake yi duk kaka.

Na farko, ajiye iri. Ina zaɓar shukar da ta fi lafiya da yawan 'ya'ya, in ɗaura mata tsumma don kada yara su tsinka. Kuɓewa a bar ta ta ƙosa a jikin uwarta har ta fara tsagewa. Kabewa a ciri 'ya'yan wadda ta nuna sosai, a wanke. A shanya a inuwa har su bushe ƙarau, a haɗa da ɗan toka mai sanyi, a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta suna da shekara. Amma ku duba: in irin da kuka saya a fakiti an rubuta F1 a jikinsa, wannan haɗin aure ne, 'ya'yansa ba za su fito kamar uwarsu ba. Irin gargajiya shi ake ajiyewa.

Na biyu, shanya. Iskar kaka injin busarwa ce da ba ta neman wutar NEPA. Kuɓewa a yayyanka, barkono a baza, tumatir a tsaga a yi kauɗa. Waɗannan rana suke so, amma a kan tabarma ko faranti da aka ɗaga sama, ba a ƙasa inda kaji da ƙura ke bi ba. Ganye kuwa, irin su zogale da kuka da lalo, a inuwa ake shanya su, don rana na cinye korensu da wani ɓangare na amfaninsu. Kabewa a yanke ta da ɗan guntun hannunta, a ajiye inda iska ke shiga, za ta yi watanni.

Na uku, kuma nan ne nake roƙon ku: kada ku ƙone ganye. Na san al'ada ce, a share tsakar gida a tara a cinna wuta. Amma abin da ke tashi a hayaƙin nan abincin ƙasarka ne. A tona rami kamar zurfin gwiwa, a zuba ganye, a bi da kashin awaki ko na kaji, a yayyafa ruwa, a sake jerawa, a riƙa juyawa duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ka samu taki. Sauran ganyen a shimfiɗa a gindin shuka, ya kare ƙasa daga iskar hunturu, ban ruwa ya ragu. Wani zai ce ai gara za ta zo. Za ta zo, shi ya sa ba a manna shi da jikin shuka ko katangar gida. Amma manoman Tawa a Nijar da gangan suke gayyato ta: suna tona ƙananan ramuka da suke kira tassa, su zuba taki, gara ta huda ƙasa ruwa ya samu hanyar shiga. Sai dai a kula, kunama da maciji na son tarin ganye, a juya da sanda, ba da hannu ba.

Na huɗu, renon sabuwar shuka. Tumatir ba ya son dare mai zafi, furensa zubewa yake. A Disamba da Janairu daren Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, ga rana wadatacciya, ga cututtukan laima sun ragu. Wannan ne sirrin manoman rani na Kadawa da Kura masu shan ruwan madatsar Tiga. Kai ma yanayin nan ɗaya ne a gidanka. Yafa irin tumatir da tattasai da latas da kabeji a ƙaramin fangali ko tsohon baho mai huji, ka yi masa 'yar rumfa. Tumatir kan isa dashe bayan kamar mako 4, albasa mako 6 zuwa 8. Karas ba a dasa shi, inda zai zauna nan ake shuka shi.

Me ya sa nake ta nanata a yi da wuri? Saboda zafi na nan tafe a watan Maris, kuma tare da shi tsutsar nan da manoma ke kira sharon take ƙarfi. Ita ce ta yi ɓarna a gonakin tumatir na Kano da Kaduna a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Wanda ya yi reno a Oktoba ya dasa a Nuwamba, zai fara tsinka wajajen ƙarshen Janairu, ya ci rabonsa kafin zafi. Wanda ya bari sai Janairu, shi da tsutsa za su raba.

Batun ruwa, na san shi ne ciwon kan 'yan birni. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya duk suna yi, a tara a bokiti. Ruwan omo da na wanki kuwa kada ya je kan ganyen da za a ci. A bayar da sassafe ko da yamma, a gindi ba a kan ganye ba. In darɓa ko farin ƙuda suka bayyana, a daka 'ya'yan darbejiya kamar giram 50, a jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye.

Ba sai kana da fili ba. Buhu 5 a jikin katanga, biyu tumatir, ɗaya tattasai, ɗaya alayyahu, ɗaya latas, sun isa su rage wa gida kuɗin cefane. Kuma in akwai tsohuwa a gidanku, ku je ku tambaye ta irin da take ɓoyewa a ƙullin tsumma. Wata kuɓewar ko yakuwar ba za ku same ta a kowane shago ba, in ba a shuka ta an sake ajiyewa ba, ta tafi ke nan.

A nan zan dakata. Wanda ya amfana ya tura wa ɗan uwa. Allah Ya sa mu ga kaka lafiya, Ya sanya albarka a abin da muka shuka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.