Masana'antar roba da haƙƙin maƙwabci

  

Da wuya a shiga gidan Musulmi a ƙasar Hausa a yau ba a ga roba a kowane lungu ba. Butar alwala roba ce, tabarmar da ake shimfiɗawa a sahu roba ce, haka bokitin wanka, da jarkar 'yan ga-ruwa, da silifas ɗin da ake bari a ƙofar masallaci. Da yawa daga cikin waɗannan kaya a gida ake ƙera su, a masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai a Kano, da na Legas da kewayenta, daga nan fatake su kai su har Maraɗi da Damagaram. Masana'antun nan sun sauƙaƙa wa talaka rayuwa, kuma magidanta masu yawa da su suke ciyar da iyali. Wannan ni'ima ce da ba a musunta ta.

Sai dai duk damina muna ganin magudanan ruwa sun toshe da leda, ruwa ya juyo ya shiga ɗakunan mutane. Mahauta sun san dunƙulen ledar da ake cirowa daga tumbin sa ko akuya. Ƙididdigar ƙungiyar OECD ta nuna cewa a shekarar 2019 duniya ta samar da roba tan miliyan 460, alhali a 1950 abin bai wuce tan miliyan 2 ba, kuma kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Mun saba wa'azi ya tsaya a kan yaron da ya sha ruwan leda ya yar a titi. Yau za mu koma baya, zuwa wurin da ledar ta fito, mu duba abin da ke wuyan mai kamfani.

Yadda malamanmu suka kalli sana'a mai damun maƙwabta

Hana cutarwa babban ginshiƙi ne a fiƙihu, kuma malaman Malikiyya sun faɗaɗa shi ƙwarai a babin maƙwabtaka. A ƙarni na 8 na Hijira an yi wani magini a birnin Tunis, ana kiran sa Ibnur Rami, wanda alƙalai kan aika ya duba gini idan maƙwabta sun kawo ƙara. Ya tattara waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan, inda ya yi magana a kan hayaƙin gidan gasa burodi da na gidan wanka, da warin majema, da ruwan da wani ke sakowa kan wani.

A cikin abin da ya kawo akwai yadda ake gwada ƙarar mutumin da ya ce dutsen niƙan maƙwabcinsa yana girgiza masa bango. Sai a rataye takarda da zare daga rufin da ke kan bangon, a ɗora mata busassun ƙwayoyi ƙanana masu gangarawa, sannan a sa dabba ta juya dutsen. Idan ƙwayoyin sun motsa, cutarwa ta tabbata, a kawar da ita. Mai karatu ya lura: ba su dogara da rantsuwar mai sana'a cewa ba ya cutar da kowa ba, auna abin suka yi. Kuma kasancewar gidan niƙan mallakarsa ne bai ba shi damar ɗora wa wani nauyin sana'arsa ba.

A kan wannan ma'auni za mu ɗora kamfanin roba. Duk kuɗin da kamfani ya ƙi kashewa wajen tace ruwansa ko hana hayaƙinsa, ba ɓacewa yake yi ba. Wani ne zai biya, ko dai mai gonar da ke ƙasan kamfanin, ko uwar da ke kai ɗanta asibiti da tari. Wannan haƙƙin bayi ne, kuma haƙƙin bayi ba ya faɗuwa da gina masallaci ko yawan zuwa Umara sai an mayar ko an yafe.

Cikin katangar kamfani

Roba tana isowa masana'anta ne a buhuna, ƙwayoyi ƙanana kamar tsabar dawa. Daga man fetur da iskar gas ake samo su. A Najeriya kamfanin Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas yana yin su, wasu kuma daga waje ake shigo da su. Inji yana narka ƙwayoyin da zafin da ya kai kimanin digiri 200 ko fiye, ya tura narkakkiyar robar cikin mazubi, ruwa ya sanyaya ta, sai bokiti ko kujera ta fito. Leda kuwa hura ta ake yi da iska kamar balan-balan, a naɗe, a yanka.

Kula ta farko tana kan ƙwayoyin kansu. Buhu ya ɓarke wajen sauke kaya, ƙwayoyi su watse, a share su zuwa lambatu, ruwan sama ya kai su rafi, kifi da tsuntsaye su haɗiye su a zaton abinci. A watan Mayun 2021 jirgin ruwan X-Press Pearl ya ƙone a gaɓar Siri Lanka, ƙwayoyin robar da ya ɗauko suka lulluɓe bakin teku, kamun kifi ya tsaya a yankin. Abin da ya faru can lokaci guda, shi ke faruwa kaɗan-kaɗan a farfajiyar kamfanin da ba ya kula. Maganin kuwa ba shi da tsada: a dafe wurin sauke kaya da siminti, a sa raga a bakin kowace magudana, a kwashe abin da ya zube nan take a mayar cikin inji.

Na biyu, ragowar aiki. Kowane inji yana fitar da ɓurɓushi da kayan da suka fito da aibi. Kamfani mai kula yana niƙa su ya sake zubawa, tun da tsaftatattu ne kuma an san asalinsu. Wanda ba ya kula yana tara su a bayan katanga ya cinna musu wuta da dare. Hayaƙin roba guba ne, musamman nau'in PVC da ake yin bututun ruwa da rigar wayar lantarki da shi, domin ƙona shi a fili yana fitar da iska mai cin huhu da kuma dayoksin, sinadarin da masana suka tabbatar yana jawo ciwon daji. Wanda ya jira dare kafin ya cinna wutar ya riga ya san abin da yake yi.

Na uku, ruwa. Ruwan da ke sanyaya mazubi ana iya juya shi a rufaffen bututu, ya sanyaya ya dawo, maimakon a riƙa zuƙo sabo daga rijiyar burtsatse ana zubarwa, alhali rijiyoyin unguwa suna ƙafewa. Addinin da ya hana ɓarnar ruwa a wurin alwala ba zai ƙyale ta a wurin neman riba ba.

Na huɗu, wuta. Narka roba aiki ne mai cin lantarki, kuma yawancin kamfanoninmu da manyan janareta suke aiki. Naɗe tukunyar inji da abin riƙe zafi, da gyaran janareta a kan lokaci, da shimfiɗa farantan sola a kan rufin da rana ke duka tun hantsi, duk suna rage hayaƙi, suna kuma rage kuɗin man dizal. Kada a manta da ma'aikaci, wanda shi ne maƙwabci mafi kusa da injin. Tawadar da ake buga rubutu da ita a kan leda tana da tururi mai hawa kai. Ba shi takunkumi da buɗe hanyar iska haƙƙinsa ne kamar albashinsa.

Sake narka tsohuwar roba

A Kano da sauran garuruwanmu akwai sana'a babba da ta ginu a kan tsohuwar roba. 'Yan jari-bola su tsinto, dillalai su auna su saya, masu injin niƙa su farfasa, a wanke, a shanya, a narka, ta koma ƙwaya. Wannan aiki alheri ne, domin yana rage shara kuma yana ciyar da bayin Allah. Amma akwai wurare biyu da alherin kan juye.

Na farko ruwan wanki. Yana fitowa da laka da mai da ragowar duk abin da robar ta taɓa ɗauka. Wajibi ne ya bi ta ramukan da datti zai kwanta, a tace shi, kafin ya bar kamfani. A ƙasan magudanar akwai masu lambu da ke ban ruwa da shi, kuma latas da kabejin nan kasuwa za su zo.

Na biyu ya fi haɗari, domin ido ba ya ganin sa. Jarkar da ta ɗauki maganin feshi ko baƙin mai, da kwankwason tsohuwar talabijin da aka zuba wa sinadarin hana kama wuta, idan aka niƙa su tare da sauran roba ba mai iya bambance su. Irin wannan ƙwaya ta dace da tukunyar dashen itace ko kwandon shara. Idan aka yi kofi ko kwanon yara ko robar zuba kunu mai zafi da ita, aka rina ta da launi mai ɗaukar ido, an sayar wa mutane aibin da aka ɓoye. Sananne ne a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya sa hannunsa cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya taɓo danshi a ƙasa, ya tsawatar masa a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma nesanta kansa daga mai ha'inci. Wancan danshi hannu yana iya gano shi. Abin da ke cikin kwanon roba kuwa mai kamfani kaɗai ya sani, don haka amanar ta fi nauyi a kansa.

Bayan kaya sun bar ƙofa

Makomar roba a bola tun a kamfani ake yanke ta. Ana gauraya roba da garin alli don rage kuɗi, kuma daidai gwargwado ba laifi. Idan aka wuce kima sai bokiti ya yi gautsi, ya fashe cikin 'yan watanni, talaka ya sake saye, bola ta ƙaru. Haka leda sirit da ke yagewa kafin a kai gida: ba ta sake amfanuwa, kuma ɗan jari-bola ba ya sunkuya mata domin ba ta da nauyi a sikeli. Shi ya sa Indiya ta ƙayyade kaurin ledar cefane, ta kai shi maikuron 120 daga ƙarshen 2022.

Akwai kuma ledar da ake tallatawa da cewa tana narkewa da kanta. Wani nau'inta marmashewa kawai yake yi ya zama ɓurɓushin da ido ba ya gani, ya shiga ƙasa da ruwa, har Tarayyar Turai ta hana shi daga 2021. Buga kalmar “mai narkewa” a kan irin wannan leda ƙarya ce a cikin ciniki.

Kamfani mai amana yana yin kayansa da nau'in roba guda inda zai yiwu, domin ledar da aka manna da gwangwani, irin ta ƙullin madara da omo, ba ta sake narkuwa cikin sauƙi. Yana buga lambar nau'in a gindin kaya, daga 1 zuwa 7, don mai tsinta ya san inda zai ware ta: 1 ta gorar ruwa da lemo, 2 ta jarka, 5 ta yawancin kujeru da robobin abinci. Yana kuma buɗe wurin sayen tsofaffin kayansa da farashi na adalci da sikeli na gaskiya. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da tsarin da ke ɗora wa mai ƙera kaya alhakin shararsa har bayan an sayar. Wanda ya san zai tsaya gaban Allah bai kamata ya jira jami'i ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Uzurin tsada

Mai kamfani zai ce lantarki ba ya tsayawa, dizal ya yi tsada, kayan waje sun cika kasuwa, idan ya ƙara ko sisi a kan bokiti abokin gasarsa zai kwashe masu saye. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma gwamnati tana da nata kaso: ta samar da wuta, ta kuma yi wa kowa hukunci ɗaya, kada mai kiyaye doka ya zama shi ne mai asara.

Amma da yawa daga abin da muka lissafa riba ce tun a nan duniya, domin ƙwayar da aka kwashe da ɓurɓushin da aka niƙa jari ne da ya dawo. Sauran da ke cin kuɗi, kamar tace ruwa, ai kuɗin sana'ar ne tun asali, wasu ne dai ke biya a madadinsa. Sannan iska ta fara juyawa. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Jamhuriyar Nijar ta yi dokarta a 2014, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta hana farar robar zuba abinci mai kama da soso a watan Janairun 2024. Wanda ya gyara tun yanzu shi ne dokar gobe ba za ta rufe wa ƙofa ba, kuma ma'aikatansa ba za su koma gida hannu rabbana ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mu ma da muke saye muna da hannu a ciki. Kwamitin masallacin da zai sayi tabarmi da butoci ya zaɓi masu ƙarko, ya tara waɗanda suka mutu ya miƙa wa masu niƙa maimakon ƙonawa. Uwar gida ta guji zuba abinci mai zafi a baƙar leda. Ɗaliban ilmi kuwa, babin maƙwabtaka da babin aibi a ciniki suna nan a littattafan da kuke karantawa a gaban malamai. Ku ɗauko su ku auna hayaƙi da ruwan masana'antun garinku da su, kamar yadda Ibnur Rami ya auna girgizar bango. Attajiranmu masu kamfanoni da yawansu mutane ne masu jin nasiha idan an zo musu da ilmi da ladabi.

Allah Ya tsarkake dukiyoyinmu daga haƙƙin bayinSa, Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya sa mu bar ƙasa ga 'ya'yanmu ba tare da mun ɓata ta ba. Allah Shi ne Mafi sani.