GYAƊAR KANO DA GWARZON SAMA

Dattawanmu na ƙasar Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa ba su manta da zamanin yaƙin Hitila ba. Abin da suka fi tunawa shi ne taron kuɗin taimakon yaƙi da matsin noman gyaɗa. Kaɗan ne suka sami labarin inda guminsu ya tafi, shi ya sa muka ga ya kamata mu bi sawunsa.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lardunan Nijeriya sun tara kuɗi aka aika Ingila don sayen jiragen yaƙi samfurin Spitfire. Saboda wannan gudummawa sai aka raɗa wa wata rundunar mayaƙan sama ta Ingila, mai lamba 91, sunan Nijeriya. An kafa ta a 1941, aka girke ta a Hawkinge, daf da mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa. Aikinta sintiri ne a kan teku, da leƙen asirin jiragen ruwan Jamus.

A al'adar mayaƙan sama, ba a kiran mutum gwarzo sai ya harbo jirage 5 na abokan gaba. To, a wannan runduna aka yi wani Bafaranshe, Jean Demozay, wanda ya harbo kusan 20. An haife shi a Nantes a 1915. Da yaƙi ya tashi a 1939, tafinta ne kawai a wurin sojan sama na Ingila. Da Faransa ta faɗi a watan Yuni 1940, sai ya tarar da wani babban jirgi da aka yasar, ya kwashi sojojin Ingila a ciki, ya tuƙa su har gida. Can ya bi Janar de Gaulle. Ya ɗauki sunan aro, Morlaix, don kada Jamusawa su huce a kan danginsa.

Ya shiga rundunar Nijeriya a 1941, a 1942 kuma aka danƙa masa shugabancinta. Ingila ta ba shi lambobin yabo na DSO da DFC. Amma Allah mai iko, wanda harsashi bai ci ba, sai ga shi ya rasu cikin haɗarin jirgi kusa da Faris ranar 19 ga Disamba 1945, bayan an gama yaƙi, yana da shekara 30.

Ba kuɗi kaɗai Kano ta bayar ba. Tun daga 1940, jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi suna ya da zango a filin jirgin Kano kafin su wuce Masar. Da Japan ta kame ƙasashen gabas a 1942, man girki ya yi wa Ingila wuya, sai ta dogara ga gyaɗarmu, a kan farashin da hukuma ta yanke, ba wanda manomi ya so ba.

Ba mu rage wa Demozay kome ba, jarumi ne na gaske. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Littattafan Turai sun adana sunansa, manomin da ya biya kuwa ba wanda ya rubuta nasa. Muna roƙon malaman makarantunmu su je wurin dattawan da suka rage, su rubuta abin da ke bakinsu tun suna raye.